Bitar horar da masu rainon sababbin nas-nas: ta cancanci zuwa, amma da sharaɗi

Duk ma'aikaciyar jinyar da aka zaɓa ta je wannan bita, shawarata ita ce ta je. Sai dai kafin ta tafi, ta shiga ofishin Matiron ta nemi alkawari guda: idan ta dawo, za a haɗa sunanta da na yarinyar da za ta yi wa raino, wato sabuwar nas ɗin da aka ba ta, a duti ɗaya a kan rosta. In ba a yi haka ba, ilimin da ta kwaso zai zauna a jaka tare da satifiket, yarinyar kuma ta ci gaba da laluben hanya ita kaɗai kamar yadda aka saba.

Ni nas ce kuma ungozoma, a ɗakin haihuwa na wani babban asibitin gwamnati a arewa nake aiki. Wata ƙungiya mai zaman kanta ce ta shirya bitar da haɗin gwiwar masu kula da asibitocin jiharmu, a ɗakin taron wani otal, kuma ba ta cika mako guda ba. Ba a karɓi ko sisinmu ba. An ba mu abincin rana da kuɗin mota, an raba mana littafin darasi da ƙaramin kundin da za mu riƙa rubuta ci gaban wadda muke raino. Ɗakin taron yana da tsabta, wuta ba ta ba da matsala ba, ana tashi salla a kan lokaci. Wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi a kansa, kuma ba shi ne ya sa na ɗauki biro ba.

Abin da ya sa irin wannan horo ya zama dole a yanzu, duk wanda ke cikin asibiti ya san shi. A watan Fabrairun 2024 magatakardan Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A lokacin ne hukumar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Waɗanda ke tafiya yawanci na tsakiya ne, waɗanda hannunsu ya faɗa da aiki, ƙarfinsu kuma bai ƙare ba. Su ne a da suke tsaye tsakanin manya da sababbi. Da suka ragu, sai aka wayi gari yarinyar da ta ci jarrabawar hukuma watanni kaɗan da suka wuce ita ce ke riƙe da ɗaki da daddare, ita da mai shara da wayar likitan da ke bakin aiki. Wadda ta yi digiri a jami'a tana da shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ta tafi bautar ƙasa. Wadda ta fito daga makarantar koyon jinya bayan shekara uku, sau da yawa ranar da ta kawo takardar ɗaukar aiki, ranar ake nuna mata ɗakin da za ta riƙe.

Sabuwar nas a satinta na farko kamar amarya ce da aka kai babban gida. Ta iya girki tun a gidansu, amma ba ta san inda ake ajiye tukunya a nan ba, ba ta san wa ake fara gaisarwa ba, kuma tana jin nauyin tambaya. Yaranmu sun san littafi. Sun wuce jarrabawar gwajin aiki a aikace da ake kira OSCE, sun sa kanula, wato allurar da ake bari a jijiya don ƙarin ruwa, a hannun roba, wasu sun karɓi haihuwa a gaban malamarsu. Abin da ba su sani ba shi ne inda makullin kabad ɗin magani yake da ƙarfe biyun dare, da yadda ake samun jini idan ɗakin gwaji ya ce sai 'yan'uwa sun kawo mai bayarwa, da abin da za a fara idan mata uku suka buƙace ki a lokaci ɗaya.

Ranar farko an yi ta ne a kan wannan. Malamar da ta jagoranci darasin tsohuwar nas ce, ta daɗe tana koyarwa, kuma daga jin maganarta ka san ta yi aikin dare har ta gaji. Ta kawo mana bayanin Marlene Kramer, 'yar Amurka, wadda tun 1974 ta yi rubutu a kan gigitar da sababbin nas-nas ke yi idan abin da suka tarar a asibiti ya saɓa da abin da aka koya musu, har wasu su bar aikin gaba ɗaya. Ta kuma kawo matakai biyar na Patricia Benner, wata masaniyar aikin jinya, daga ɗan koyo zuwa gwani, inda ta nuna cewa nas kan ɗauki shekara biyu zuwa uku a wuri ɗaya kafin ta iya tsara aikinta da kanta ba tare da bin ƙa'ida layi-layi ba. Wannan ya tsaya min a rai. Muna yawan cewa yaran yanzu ba su iya komai ba, alhali muna auna mai wata uku da ma'aunin mai shekara goma. Malamar ba ta tsawaita ba, ta ce kowa ta rubuta abu uku da ta so a ce wani ya gaya mata a watanta na farko. Da aka karanta takardun, kusan babu wadda ta rubuta maganar allura ko magani. Yawancinsu a kan mutane ne: wa zan kira, yaya zan yi magana da likita, me zan ce wa mijin matar da ta rasu.

Darasin da ya fi kowane amfani a wurina shi ne na koyarwa a bakin gado cikin ɗan lokaci. Hanya ce mai mataki biyar da aka fara tsarawa a Amurka a 1992 domin likitoci masu koyar da ɗalibai, daga baya nas-nas suka ɗauka. Idan yarinya ta zo da matsala, ba za ki ba ta amsa nan take ba. Za ki fara tambayarta abin da take ganin yana faruwa, sannan ki tambaye ta dalilinta, ki ba ta ƙa'ida guda da za ta riƙe, ki faɗa mata abin da ta yi daidai, a ƙarshe ki gyara abin da ya kauce. An sa mu mun gwada a tsakaninmu, wata ta zama sabuwa, wata ta zama jagora, kuma da Hausa muka yi, shi ya sa abin ya zauna.

Na yi amfani da shi bayan dawowata. Yarinyar da aka ba ni ta same ni wajen teburin rubutu ta ce, "Anti, matar da aka kawo ɗazu jininta ya hau sosai, tana cewa kanta na sarawa."

Na miƙe muka nufi gadon tare, ina tafe ina tambayarta: "Ƙanwata, me kike ganin yake shirin faruwa?"

Ta ɗan yi jim, ta ce tana tsoron jijjiga ce ke tafe. Na ce me ya sa. Ta lissafo awon jinin, da ciwon kan, da cewa matar ta ce tana ganin dishi-dishi, ta kuma ce ta riga ta ɗebi fitsari don a duba. Ashe ta san komai. Da na ba ta amsa tun daga tebur, da ban taɓa sanin haka ba, ita ma da ba ta san ta sani ba. Muka kira likita, aka rubuta maganiziyam, maganin hana jijjiga, ita ta haɗa da hannunta ina tsaye: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu. Ƙa'idar da na ba ta ta riƙe ita ce, kafin kowace allura ta gaba, wadda ake yi duk bayan awa huɗu, sai ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta motsa, ta ƙirga numfashi ta ga bai gaza 16 a minti ba, ta duba fitsari ya kai mililita 30 a awa, kuma kalsiyam gulukonet, makarin maganiziyam idan ya yi yawa a jiki, yana kusa da hannunta. Gyaran da na yi mata ɗaya ne: ba ta rubuta lokacin da ta auna jinin a folda ba. Duka maganar ba ta hana mu aiki ba, a tsaye muka yi ta. Wannan shi ne abin da na fi yaba wa bitar da shi, domin ta gane cewa ba mu da aji ko allo, bakin gado kawai muke da shi.

Malamar ta ja mana kunne a kan abu ɗaya, kuma na ji daɗin da ta yi: idan jini na zuba ko mace na jijjiga a gabanki, ba lokacin tambaya ba ne. Ki ba da umarni, a ceci rai, tambayoyi su biyo baya.

Darasi na biyu da ya yi min shi ne na gyara kuskure. A nan aka ɗan yi zafi a ɗakin taron. Wasu daga cikin manyanmu suka ce su da tsawa aka koya musu, ga shi sun zama abin da suka zama. Malamar ba ta yi musu da su ba. Ta tambaya kawai: yarinyar da aka yi wa tsawa a gaban 'yan'uwan mara lafiya yau, idan gobe ta ba da magani ba daidai ba, za ta zo ta faɗa? Ɗakin ya yi tsit. Wannan ita ce gaskiyar maganar. Nas ɗin da ke tsoron babbarta ɓoye kuskure take yi, kuskuren da aka ɓoye a ɗakin haihuwa kuwa rai yake ci. Abin da aka koya mana mai sauƙi ne: a janye ta gefe, a fara jin ta bakinta, a ambaci abin da ta yi ba halinta ba, a rabu da sanin abin da za a yi daban a gaba. Akwai bambanci tsakanin "ba ki cike fatogiraf ba tun ƙarfe goma" (takardar bibiyar naƙuda ke nan) da "ke dai ba ki da kula". Na farko tana iya gyarawa a daren. Na biyu sai dai ta tafi da shi gida ta yi kuka.

An kuma koyar da tsarin miƙa bayani da ake kira SBAR, wato ki faɗi halin da ake ciki yanzu, sai tarihin mara lafiyar a gajarce, sai abin da kika gani da awonki, sai abin da kike so a yi. Yawancinmu mun taɓa jin sa. Sabon abin shi ne a sa yarinya ta maimaita a gabanki kafin ta ɗaga waya ta kira likita. Sababbi na jin tsoron wannan kiran fiye da yadda muke zato, musamman idan likitan ya kwanta. Wadda ta tsara maganarta cikin jimla huɗu, muryarta ba ta rawa, likita ma ya fi saurin tasowa.

Rana guda an ware ta don atisayen zubar jini bayan haihuwa. An bi tsarin E-MOTIVE, wanda aka gwada a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka fitar da sakamakonsa a 2023, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano na cikin jagororin aikin. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego don a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, idan ya kai mililita 500 kuma a haɗa komai a tare: murza mahaifa, allurar oksitosin mai sa mahaifa ta tsuke, taranezamik mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. Binciken ya nuna raguwar munanan sakamako da kusan kashi 60 cikin 100. Mu ba tsarin aka kawo mu koya ba, yadda za mu koyar da shi aka nuna mana: a bar sabuwar ta jagoranci atisayen, jagora ta tsaya a baya ta riƙe bakinta. Riƙe bakin nan ya fi komai wuya ga wadda ta saba karɓe aiki da hannunta. Nas-nas na ɗakin yara da na tiyata da ke cikinmu sun ce an fi karkata ga ɓangaren haihuwa, kuma suna da gaskiya. Da an raba mu rukuni-rukuni a wannan ranar, da kowa ya samu nasa.

Yanzu ga inda bitar ta gaza.

Kundin bibiyar da aka ba mu, da ganinsa ka san daga tsarin Ingila aka ɗauko shi. A can hukumar lafiyarsu ta fitar da tsari na ƙasa a 2022 wanda ya tanadi rainon sabuwar nas na wata shida zuwa shekara, da aƙalla mako biyu na farko da ba a lissafa ta cikin masu riƙe ɗaki, sannan a ware wa jagora awoyin da ba za ta yi wani aiki ba sai wannan. Tsari ne mai kyau ga masu shi. Amma an kawo mana takardunsa ba a kawo lokacinsa ba. Kundin yana neman zaman tattaunawa mai tsawo, da sa hannu a shafuka masu yawa, da rubuta tunani bayan kowane mako, duk da Turanci. A ɗakin da nas biyu ke kula da masu naƙuda da masu jego da jarirai, wa zai zauna ya yi wannan? Abin da zai faru shi ne a cike shi a daren da za a karɓa, a sa hannu a kan abin da ba a gani ba. Na fi son shafi guda mai ɗauke da ayyukan da dole jagora ta gani da idonta kafin a bar yarinya ita kaɗai: sa kanula, ƙarin jini, haɗa maganiziyam, farfaɗo da jariri, cike fatogiraf, miƙa aiki. Na faɗi haka a takardar jin ra'ayi da aka raba a ƙarshe.

Malami na biyu, wanda ya ɗauki ɓangaren kundin, mutumin kirki ne mai haƙuri, amma karanta mana allo ya yi ta yi. Da wata ta tambaye shi yadda za ta yi zaman mako-mako alhali ita tana dutin safe yarinyar tana na dare, sai ya ce a tattauna da shugabanni. Shugabannin kuwa ba a gayyace su ba. Wannan shi ne babban giɓin shirin. Masu rubuta rosta su ne ke riƙe da nasarar abin ko faɗuwarsa, kuma ko awa biyu ba a ware musu ba. Ni na yi sa'a, Matiron ɗinmu mace ce mai saurare. Na je na ce, "Ranki ya daɗe, alfarma nake nema, a bar min yarinyar nan a dutina ko na wata biyu ne." Ta duba rosta ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta, kuma ta yi. Wasu da muka yi bitar tare har yanzu ba su yi duti ɗaya da waɗanda aka ba su ba, sai gaisuwa a bakin ƙofa lokacin canjin aiki.

Zaɓen mahalarta ma akwai gyara. Wasu asibitocin sun turo manya masu ofis, saboda girmamawa ko saboda kuɗin mota. Ina ganin girmansu, su suka raine mu. Amma wadda ba ta kwana a ɗaki ba za ta iya rainon mai kwana a ɗaki ba. Wadda ta dace ita ce nas mai 'yan shekaru a aiki, wadda har yanzu take dutin dare, mai haƙuri, wadda sababbi ke zuwa wurinta da kansu tun kafin a ba ta wani muƙami. Kowane ɗaki yana da irinta, kowa kuma ya san ta. Maza ma sun yi kaɗan a bitar, alhali ɗakunan maza da na haɗari cike suke da sababbin nas-nas maza masu buƙatar wanda zai riƙe hannunsu.

Akwai abubuwa biyu na rayuwarmu da littafin darasin bai taɓo ba sam. Na farko harshe. Muna samun 'yan bautar ƙasa da masu sanin makamar aiki daga kudu waɗanda ba sa jin Hausa, ga kuma mata daga ƙauye da ba sa jin Turanci, wasu ma Fulatanci kawai suke ji. Yarinyar da ba za ta iya tambayar mace yaushe ruwa ya fashe ko yaushe ta daina jin motsin ɗa ba, komai iliminta tana cikin haɗari, mara lafiyar ma haka. Jagora na buƙatar a nuna mata yadda za ta taimaka a nan, ko da jerin tambayoyi ashirin ne na ɗakin haihuwa da za a haddace. Na biyu gida. Da yawa daga cikin yaranmu aure da aiki tare suke zo musu. Ga sabon miji da bai saba da matarsa ta kwana a waje ba, ga laulayin ciki, ga uwar miji da ke ganin aikin dare bai dace da matar aure ba. Na ga yara masu hazaƙa sun ajiye aiki a kan wannan, ba a kan wahalar asibiti ba. Malamar farko ta ɗan taɓo maganar da aka tambaye ta wajen cin abinci, ta ce ita takan nemi ta gaisa da mijin ko mahaifin yarinyar tun da wuri, ta yi masa bayanin yadda rosta ke juyawa da wanda ke tare da ita da daddare. Shawara ce mai nauyi, ta fi shafuka da yawa na kundin amfani, kuma wurinta cikin darasi ne ba kan teburin abinci ba.

Game da satifiket, an ba mu a ranar ƙarshe, amma duk mai niyyar zuwa ta tambaya tun farko ko za a lissafa mata shi cikin horon ƙarin ilimi na dole, wato MCPDP, da ake buƙata wajen sabunta lasisi. Mu ba a yi mana bayanin wannan a fili ba, kuma da yawa sun zo da wannan zaton.

An yi alkawarin cewa masu shirya bitar za su zagayo asibitoci bayan wata uku su ga yadda ake ciki, an kuma buɗe mana zaure a WhatsApp. Zauren yana aiki, amma mu ne muke raya shi da kanmu: wata ta kawo matsalar da ta samu da yarinyarta, wasu su ba ta shawara, wani lokaci malamar farko ta sa baki. Zagayen kuwa lokacinsa ya wuce ba a zo ba. Na aika musu saƙo cewa idan za su zo, su zo da yamma lokacin canjin duti, su kuma nemi ganin mai rubuta rosta kafin su nemi ganin kundinmu.